Katin RAID da faifan SSD: dalilan rashin jituwa da na raguwar sauri

Taƙaitawa

An ƙirƙiro tsarin RAID a ƙarshen shekarun 1980 domin faya-fayai masu juyawa. Faifan SSD, wanda ya bazu shekara ashirin bayan haka, yana aiki bisa wata ƙa'ida dabam. Wannan maƙala tana bayyana wuraren da kayan biyu suke saɓa wa juna: umurnin TRIM, ma'ajiyar wucin gadi, faɗin hanya, lokacin jira, da mutuwar faya-fayai lokaci guda. A ƙarshe tana ba da shawarwari ga sassan jami'a masu ajiye muryoyi da rubuce-rubuce.

0. Gabatarwa

Duk sashen da ya ɗauki shekaru yana naɗar muryoyin maroƙa, da masu tatsuniya, da dattawa masu ba da tarihin gari, ya san cewa kaset ba ya daɗewa. Shi ya sa aka koma juye waɗannan muryoyi cikin kwamfuta, tare da hotunan takardun ajami da kundayen ɗalibai. Sai dai dattijon da aka ɗauki muryarsa shekara arba'in da suka wuce ya riga ya rasu. Idan fayil ɗinsa ya ɓace bayan kaset ya lalace, babu inda za a sake samun maganarsa.

Domin gudun irin wannan hasara ake sayen babbar kwamfutar ajiya (serveur) mai katin RAID. Da farashin SSD ya sauka, sai mutane da yawa suka ga ya dace su cire tsofaffin faya-fayai su sa sababbi, su bar katin yadda yake. Sakamakon ba ya zuwa kullum yadda aka yi fata. Wani lokaci saurin ba ya ƙaruwa kamar yadda aka lissafa; wani lokaci yana ƙaruwa, sa'an nan ya faɗi bayan ƴan watanni; wani lokaci kuma katin yana korar faifai mai lafiya, ko a tarar da fayiloli sun lalace bayan ɗaukewar wuta. Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa waɗannan matsaloli tushensu ɗaya ne, wato katin yana aiki bisa zace-zacen da suka dace da faifai mai juyawa kaɗai.

Game da kalmomi: muna cewa «kati» ga abin da ake kira contrôleur da faransanci, «gungu» ga faya-fayan da aka haɗa a ƙarƙashinsa, «kariya» ga parité, «manhajar ciki» ga micrologiciel. Wajen awo muna bin gajerce-gajercen da aka saba da su a Nijar: ko, Mo, Go, To.

1. Abin da katin RAID yake zato

A shekarar 1988 masu bincike uku na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a Amurka, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka buga maƙalar da ta sa sunan RAID ya shahara. Shawararsu ita ce a haɗa ƙananan faya-fayai masu araha su yi aikin babban faifai guda mai tsada, a kuma ƙara wani abu da zai hana hasara idan ɗaya ya mutu. Tsare-tsaren da aka fi amfani da su yau su ne waɗannan. RAID 0 yana rarraba bayanai a kan faya-fayai ba tare da wata kariya ba. RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a kan faifai biyu. RAID 5 yana rarrabawa tare da kariya guda, yana jure mutuwar faifai ɗaya. RAID 6 yana da kariya biyu, yana jure mutuwar biyu. RAID 10 kuwa yana haɗa dabarar RAID 1 da ta RAID 0.

Lissafin kariya ba shi da wuya. Ana kwatanta lambobi ɗaya bayan ɗaya: idan biyu sun yi daidai a rubuta 0, idan sun bambanta a rubuta 1. Ga misali da faifai uku:

(1) faifai A: 1011
faifai B: 0110
kariya K: 1101

Idan B ya mutu, sai a kwatanta A da K bisa wannan ƙa'ida, a sami 0110, wato abin da yake cikin B. Amma wannan kariya tana da farashi. Duk lokacin da za a canza ɗan guntun bayani a RAID 5, sai kati ya karanta tsohon bayani, ya karanta tsohuwar kariya, ya rubuta sabon bayani, ya rubuta sabuwar kariya. Aiki huɗu ke nan a madadin ɗaya. A RAID 6 aiki shida ne.

Faifan da aka ƙera wannan tsari dominsa yana da faranti mai juyawa da allura mai karatu. Wanda yake juyawa sau 7 200 a minti yana bukatar wajen ms 4,17 kafin wurin da ake nema ya iso ƙarƙashin allura, ban da lokacin tafiyar allurar kanta. Da wuya ya wuce aiki ɗari a daƙiƙa idan ana tsalle daga wuri zuwa wuri. Daga nan masu ƙera kati suka ɗauki zato huɗu:

(2) a. faifai ya fi kati jinkiri nesa ba kusa ba;
b. ana iya rubutu a kan tsohon rubutu kai tsaye, sau nawa aka so;
c. faifai ba ya bukatar sanin ko an share wani fayil;
d. faya-fayai suna mutuwa ɗaya-ɗaya, kowane da ranarsa.

Za mu ga cewa babu ɗaya daga cikin huɗun nan da ya tsaya daidai a kan SSD.

2. Yadda faifan SSD yake rubutu

SSD ba shi da abin da yake juyawa. Yana ajiye bayanai cikin ƙwayoyin lantarki irin waɗanda ake kira NAND, waɗanda Fujio Masuoka da abokan aikinsa na kamfanin Toshiba a Japan suka gabatar a 1987. A 1991 kamfanin da aka sani yau da SanDisk ya fitar da SSD mai ɗaukar Mo 20, amma sai wajen 2008, da fitowar irin su Intel X25-M, wannan faifai ya fara shiga hannun jama'a.

An tsara ƙwayoyin shafi-shafi, kowane shafi ko 4 zuwa ko 16. An ɗaure shafuka ɗaruruwa cikin dami guda. Ana karatu da rubutu shafi-shafi, amma ba a iya gogewa sai dami gaba ɗaya. Abin ya yi kama da allon makaranta da aka rubuta da tawada: ba a gyara layi guda a kan wani, sai an wanke allon duka. Saboda haka idan aka canza wani bayani, SSD yana rubuta sabon a shafin da ba kowa, ya sa wa tsohon alamar cewa ya zama shara, ya gyara taswirar da take nuna masa inda kowane abu yake. Wannan taswira tana cikin faifan; kati da kwamfuta ba sa ganinta.

Idan shafukan da ba kowa suka yi ƙaranci, sai faifan ya shiga kwashe shara. Yana zaɓar dami, ya kwafe shafukan da suke da amfani zuwa wani wuri, sa'an nan ya goge damin. Mu ɗauki dami mai shafi 256:

(3) a. idan 128 suna da amfani, sai an kwafe 128 kafin a sami 128; duk shafin da kwamfuta ta aiko yana jawo rubutu 2;
b. idan 192 suna da amfani, sai an kwafe 192 kafin a sami 64. Duk shafin da kwamfuta ta aiko yana jawo rubutu 4.

Ke nan gwargwadon cikar faifai, gwargwadon aikin ɓoye da yake yi. Wannan aiki yana rage sauri, yana kuma cinye rayuwar faifan, domin kowace ƙwaya tana da iyakar gogewa: dubbai masu yawa ga tsohon samfurin SLC, wajen dubu ɗaya zuwa dubu uku ga TLC, ƙasa da haka ga QLC. Shi ya sa masu ƙerawa suke ɓoye wani fili da ba a sayar wa mai saye. Faifan da yake da ƙwayoyin Go 512 ana iya sayar da shi a matsayin 480, wato rarar kashi 7 cikin 100, ko a matsayin 400, rarar kashi 28, idan don manyan ma'aikatu aka yi shi.

3. Matsalar TRIM

Idan mutum ya share fayil, babbar manhajar kwamfuta tana cire sunansa daga jeri kawai. Faifai mai juyawa bai damu ba. SSD kuwa, idan ba a gaya masa ba, zai ci gaba da ɗaukar waɗannan shafuka a matsayin masu amfani, yana wahalar kwafe su duk lokacin kwashe shara. Domin haka aka ƙirƙiro umurnin TRIM ga faya-fayan SATA; takwaransa a SAS shi ne UNMAP. Windows 7 ta fara aika shi a 2009, Linux kuma ta bi baya a 2010.

Sai dai babbar manhaja ba ta ganin faya-fayan da ke bayan kati. Abin da take gani faifai guda ne da katin ya ƙaga mata. Katuna da yawa, musamman tsofaffi, ba sa isar da TRIM ga faya-fayan da ke cikin gungu. Bugu da ƙari, lokacin kafa gungu ko sake gina shi, kati yakan rubuta kowane wuri na faifan daga farko har ƙarshe. Tun daga wannan rana SSD yana ɗaukar kansa a cike, ko da kwamfuta tana nuna rabinsa ba kowa. Wannan shi ne babban dalilin saurin da yake faɗuwa bayan an daɗe ana aiki.

Ƙin isar da TRIM yana da hujja. Mu koma misali na (1). A ce an aika TRIM ga guntun da ke kan B, har ya koma 0000, amma kariya tana nan 1101. Idan A ya mutu, kati zai kwatanta B da K:

(4) B: 0000, K: 1101, sakamako: 1101, alhali abin da yake cikin A shi ne 1011.

Kati zai miƙa wannan kuskure ba tare da wata ƙararrawa ba. Kafin TRIM ya zama lafiya a RAID 5 ko 6, tilas a aika shi ga layin gaba ɗaya har da kariyarsa, kuma tilas kowane faifai ya yi alkawarin mayar da sifili duk lokacin da aka karanta wurin da aka share. Wannan alkawari shi ne ake gajarcewa RZAT, kuma ba kowane SSD ne yake da shi ba. Linux ta ƙara TRIM cikin RAID ɗinta na manhaja a 2012, amma ga RAID 5 da 6 an bar shi a rufe, sai mai kula da na'ura ya buɗe da kansa bayan ya tabbatar da faya-fayansa. Haka kuma wasu katunan SAS na LSI, ko da an sa su su miƙa faya-fayai kai tsaye, suna isar da TRIM ne kawai ga faifan SATA da ya yi wannan alkawari.

Wani abin da ya faru a 2015 yana nuna wuyar gano mai laifi. Kamfanin Algolia, wanda aka kafa a Paris a 2012, ya lura cewa wasu guntayen fayiloli a kan kwamfutocinsa suna komawa sifili. Da farko zargi ya faɗa kan faya-fayan Samsung. Bayan bincike, injiniyoyin Samsung suka nuna cewa kuskuren yana cikin Linux, wajen da RAID 0 da RAID 10 na manhaja suke rarraba umurnin TRIM, suka kuma kawo gyara. A gefe guda, Linux tana riƙe da jerin faya-fayan da ba ta yarda ta aika musu TRIM cikin layin jira ba, domin an same su da matsala. A ciki akwai Crucial M500 da Samsung 840 da 850. Ke nan laifi yana iya kasancewa a faifai, ko a kati, ko a manhaja, alamar kuwa ɗaya ce.

4. Ma'ajiyar wucin gadi da ɗaukewar wuta

Domin faifai mai juyawa yana da jinkiri, an sa wa kati ma'ajiyar wucin gadi mai sauri. Kati yana karɓar rubutu, ya ce wa kwamfuta «an gama», sa'an nan ya kai wa faifai daga baya. Idan wuta ta ɗauke kafin ya kai, batir yana riƙe abin da yake cikin ma'ajiyar, a tsofaffin katuna har kwana uku. Sababbi kuwa suna da ma'ajin caji da yake ba su damar juye shi cikin ƙwayar NAND.

Da SSD wannan dabara ta rage amfani, wani lokaci ma ta zama shinge, domin faya-fayan suna iya karɓar aiki fiye da yadda kati yake iya shigar da shi ma'ajiya ya fitar. LSI, wanda katunansa suke cikin kwamfutocin kamfanoni da dama, kuma wanda yanzu yake ƙarƙashin Broadcom, ya fitar da FastPath saboda haka, HP kuma ya fitar da SSD Smart Path. Duka biyu hanya ce ta kauce wa ma'ajiyar kati. Shawarar da take tafiya da su ita ce a kashe karatun gaba, a bar rubutu ya wuce kai tsaye. A RAID 5 da 6 ne kawai ma'ajiyar take da sauran babban amfani, tunda tana tara ƙananan rubuce-rubuce su cika layi, a guje wa aiki huɗun da muka ambata.

Haɗarin da ya fi girma yana cikin faifan kansa. SSD ma yana da tasa ma'ajiyar wucin gadi, inda yake riƙe rubutun da bai sauka ba da kuma taswirarsa. Batirin kati ba ya kare wannan ma'ajiya. Idan aka bar ta a kunne, faifai zai ce «an gama», kati ya saki kofinsa, wuta ta ɗauke, bayanin ya ɓace a wurare biyun. Idan aka kashe ta, kamar yadda katuna da yawa suke yi da kansu, saurin rubutu na SSD irin na gida yakan faɗi ƙwarai. Faifan manyan ma'aikatu ya tsira daga wannan tsaka-mai-wuya domin yana da nasa ma'ajin caji, wanda yake ba shi ɗan lokacin da zai sauke komi kafin ya mutu. A 2013 masu bincike na Jami'ar Jihar Ohio da na HP suka gwada SSD 15 ta hanyar katse musu wuta suna cikin rubutu. 13 sun nuna lalacewa iri-iri, daga ɓatan ƴan bayanai har zuwa mutuwar faifai ɗungurungum.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, tunda ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu, musamman lokacin zafi. Zafi kuma yana gajiyar da batirin kati da wuri. Da zarar kati ya ga batir ya yi rauni, sai ya daina amfani da ma'ajiyarsa wajen rubutu, sauri ya faɗi dare ɗaya ba tare da an taɓa komi ba. Na'urar riƙe wuta (onduleur) tana taimakawa, muddin batirinta yana da rai kuma an haɗa ta da kwamfuta yadda za ta kashe ta cikin tsari.

5. Faɗin hanya da ƙarfin kati

Zato na (2a) shi ne ya fi rushewa. Mu ɗauki kati mai ɗaukar faifai takwas, wanda yake haɗe da kwamfuta ta layi takwas na PCIe 2.0. Iyakar wannan hanya Mo 4 000 ce a daƙiƙa, a bisa takarda.

(5) a. faifai mai juyawa 8, kowane wajen Mo 200: Mo 1 600;
b. SSD na SATA 8, kowane wajen Mo 550: Mo 4 400.

A (5a) hanya ta yi yawa. A (5b) ta yi kaɗan. Wajen ƙananan ayyuka tazarar ta fi haka. Faifai mai juyawa takwas suna ba da aiki wajen 800 a daƙiƙa, alhali SSD guda na SATA yana iya kaiwa dubu tamanin ko casa'in. Ƙwaƙwalwar tsohon kati, wadda take lissafin kariya ga kowane rubutu, tana cika tun da faifai biyu ko uku. Wanda ya ƙara na huɗu da na biyar ya ƙara wurin ajiya ne, sauri kuwa yana nan inda yake.

Ƙa'idar NVMe, wadda aka fitar a 2011, ta ƙara faɗaɗa tazarar. SATA tana da layin jira guda mai ɗaukar umurni 32. NVMe ta yarda da layuka har wajen dubu 65, kowane mai ɗaukar umurni wajen dubu 65, kuma an tsara ta domin faifai ya yi magana da ƙwaƙwalwar kwamfuta ba tare da ɗan aike ba. Tsohon katin SAS ba ya jin wannan yare ko kaɗan. Katunan da suka fito wajen 2017 masu karɓar SATA da SAS da NVMe sun warware matsalar haɗi, amma duk faya-fayan suna bi ta ƙofa guda: layi takwas na PCIe 3.0 suna ɗaukar wajen Mo 7 900, faifan NVMe guda na wannan zamani yana ba da wajen 3 500, uku sun riga sun wuce iyaka. Katunan baya-bayan nan sun faɗaɗa ƙofar zuwa layi goma sha shida, sai dai faya-fayan ma sun ƙara sauri.

6. Korar faifai mai lafiya

Kati yana ba kowane faifai ƴan daƙiƙoƙi ya amsa. Idan bai amsa ba, sai ya ɗauke shi a matsayin matacce, ya fitar da shi daga gungu. Faya-fayan da aka yi domin RAID suna daina ƙoƙarin gyara kuskure bayan daƙiƙa 7, su sanar da kati. SSD irin na gida bai yi wannan alkawari ba. Yana iya yin shiru yana kwashe shara, ko ya shiga barcin tsimin wuta ya makara wajen farkawa. Kowace kora tana jawo sake gini, sake gini kuma yana nufin rubuta faifai guda daga farko har ƙarshe da karanta sauran duka.

A nan wata dabarar faya-fayai masu araha take bayyana. Suna da ɗan fili mai saurin rubutu. Idan ya cika, sauri ya faɗi. Samsung 870 QVO mai To 1 yana sauka daga wajen Mo 500 zuwa Mo 80 a daƙiƙa. Rubuta To 1 a Mo 500 yana cin wajen minti 33. A Mo 80 yana cin wajen awa uku da rabi. Duk tsawon wannan lokaci RAID 5 ba shi da kariya.

Manhajar ciki ma tana da nata kurakurai. Faifan Crucial m4 yakan daina amsawa bayan ya cika awa 5 184 a kunne, wato kwana 216, sa'an nan ya riƙa maimaita haka duk awa, har aka fitar da gyara a farkon 2012. Akwai kuma saɓanin girman yanki: tsofaffin katuna sun san yanki mai oktet 512 kawai, ba sa karɓar faifai mai 4 096 zalla, kuma ba a gauraya iri biyun cikin gungu guda. Saboda irin waɗannan dalilai masu ƙera kati suke buga jerin faya-fayan da suka gwada. A 2010 Dell ya kai ga hana katunansa H700 da H800 karɓar faifan da ba nasa ba, kafin ya janye bayan koke-koken masu saye. Ko inda ba a hana ba, faifan da ba ya cikin jeri yana iya sa kwamfuta ta kasa karanta zafinsa, fankoki su riƙa gudu iya ƙarfinsu dare da rana.

7. Mutuwa lokaci guda

Dukkan amfanin RAID ya rataya a kan zato na (2d). To amma RAID 1 yana rubuta abu ɗaya daidai wa daida a kan faifai biyu, RAID 5 kuma yana raba kariya daidai tsakanin kowa. Faya-fayan da aka saya rana ɗaya, iri ɗaya, suna cinye rayuwarsu tare. Masu bincike na Microsoft sun nuna wannan haɗari a 2010, suka ba da shawarar a riƙa ɗora wa wani faifai kariya fiye da sauran, domin kada su tsufa tare.

Abin da ya faru a 2019 ya fi wannan tsanani. A watan Nuwamba HPE ya sanar cewa wasu faya-fayansa na SAS za su mutu da zarar sun cika awa 32 768 a kunne, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, kuma ba za a iya ceto abin da ke ciki ba, sai fa idan an sa musu sabuwar manhajar ciki kafin lokacin. Tunda faya-fayan gungu guda rana ɗaya ake kunna su, kusan tare za su mutu. A farkon 2020 HPE da Dell suka sake irin wannan sanarwa game da wasu faya-fayan da iyakarsu take awa 40 000. RAID 6 ba ya maganin mutuwar faifai takwas cikin awa guda.

Binciken da Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto ta yi tare da injiniyoyin Google, wanda aka buga a 2016, ya ƙara haske. An tarar cewa ana canza SSD ƙasa da yadda ake canza faifai mai juyawa, amma fiye da kashi 20 cikin 100 suna samun kuskuren karatu da ba ya gyaruwa cikin shekara huɗu na farko. Irin wannan kuskure ya fi illa lokacin sake gini, sa'ad da babu kofi na biyu. Kuma kati yana ɓoye ma'aunin lafiyar faifai, wato SMART, wanda yake nuna yawan rayuwar da ta rage. Sai an nemi shi da gangan, ta manhajar katin ko ta smartmontools.

8. Shawarwari

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da waɗannan:

(6) a. Kafin saye, a duba jerin faya-fayan da mai ƙera kati ya gwada, a kuma sabunta manhajar ciki ta kati da ta faifai.
b. A zaɓi SSD mai ma'ajin caji na kansa. A wurin da wuta take yawan ɗaukewa, wannan ya fi girman faifai muhimmanci.
c. Idan kati ba ya isar da TRIM, a kafa gungu a kan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na faifai sabo ko wanda aka goge sarai, a bar sauran ba a taɓa ba. Faifan zai yi amfani da shi a matsayin rara.
d. Inda ƙananan rubuce-rubuce suke da yawa, RAID 10 ya fi RAID 5 sauƙi ga faifai.
e. A gauraya faya-fayan da ba a saya tare ba, ko a kunna wasu makonni kafin wasu.
f. A riƙa duba SMART da batirin kati duk wata, a rubuta sakamako.

Akwai kuma hanyar barin RAID na kati gaba ɗaya, a sa shi ya miƙa faya-fayai kai tsaye, manhaja ta yi aikin. RAID na Linux da tsarin ZFS, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005 kuma aka ƙara masa TRIM a Linux a 2019, suna ganin kowane faifai da lafiyarsa. ZFS yana ma lissafin shaida ga kowane guntun bayani, abin da yake ba shi damar gano irin kuskuren misali na (4). Wata fa'idar ita ce gungu ba ya rataya ga kati guda: idan katin RAID ya ƙone, sai an sami ɗan gidansu kafin a karanta faya-fayan, kuma kawo shi daga waje yana iya cin makonni. Sharaɗin wannan hanya shi ne a sami ma'aikacin da ya iya ta, ya kuma bar bayani a rubuce ga wanda zai gaje shi.

Ya kamata kuma a tambayi ko ana bukatar SSD ma. Taskar muryoyi ana rubuta ta sau ɗaya, a karanta jefi-jefi. Faifai mai juyawa ya ishe ta, kuma ya fi araha. SSD ya fi dacewa da babbar manhaja da rumbun kalmomin da ake bincikawa kullum. Bai dace da ajiyar cikin akwati ba: ƙa'idar JEDEC ta 2010 tana neman faifan gida da ya cinye rayuwarsa ya riƙe bayanai shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30, na ma'aikata kuma wata uku a digiri 40. A Yamai da Tawa, zafin Afrilu da Mayu yakan wuce 40.

9. Kammalawa

Mun ga cewa zace-zace huɗu na (2) sun dace da faifan da aka ƙera RAID dominsa, kuma kowace matsala da muka bi ta fito daga rushewar ɗaya cikinsu: raguwar sauri daga (2a) da (2b), matsalar TRIM daga (2c), hasarar gungu gaba ɗaya daga (2d). Kati da SSD suna iya aiki tare lafiya idan an zaɓe su da sanin waɗannan wurare. Amma ko gungu mafi inganci ba ya dawo da fayil ɗin da aka share bisa kuskure, ba ya kuma tsira daga gobara ko sata. Abin da ba a iya sake naɗawa yana bukatar kofi uku, a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini ko wani gari, kuma a riƙa gwada karanta su aƙalla sau ɗaya a shekara.